Tambayar da Ba a Yi wa Yaya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Yaya, 'yar wan mahaifina, malamar firamare, bayan sankarar mama ta dawo mata ta huhu.

Yaya, ciwo ɗaya ya kama mu, amma kin riga ni, kamar yadda kika riga ni a komai. A asibitin garinku aka cire miki na hagu, aka sallame ki da ƙwayoyi da nasihar haƙuri. Ni kuwa da nawa ya zo, likitar asibitin jami'ar da nake koyarwa ta zaunar da ni tun kafin tiyata, ta tambaye ni ko a sake gina mini maman a lokaci guda, ko sai daga baya. Har hotuna ta nuna mini. Ban fi ki ciwo ba, ban fi ki daraja ba. Ƙofar da na shiga ce kawai daban.

Ke kika yi jinyata, kina kwana a kujerar roba kina yi wa nas-nas tsiya. Ranar da aka kwance mini bandeji kika tura ƙofa, kika nemi izini kika taɓa maman da aka gina mini. Sannan kika ce, "Ashe ana yi. Ƙanwata, ni ba wanda ya faɗa mini."

Kin koma kin tambaya. Likitanku ya duba shekarunki a kati, ya ce ai kin gama shayarwa. Da muka matsa aka tura ki babban asibiti, can aka ce mai yin aikin ya bar ƙasar, a jira wani. Dangi kuma, waɗanda duk nasu biyun na nan, suka yi ta tuna miki cewa kwalliya ce, ki gode wa Allah kina raye. Sai ka ce an taɓa jin kin fasa godiya.

Safa kike naɗewa ki cusa a rigar mama. Wata rana kina rubutu a allo ta sulɓe ta faɗi a gaban yara. Kika sunkuya kika ɗauka, kika goge allon da ita, kika ci gaba da darasi. Da dariya kika ba ni labarin, amma tun daga ranar ba ki ƙara fita ba mayafi mai kauri ba, komai zafi.

Ban ce aikin zai ƙara miki kwana ba. Kwana na Allah ne. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a taɓa tambayar ki ba.

A jinyarki ta ƙarshe kin roƙe ni abu ɗaya, cewa in lokaci ya yi ni kaɗai zan tsaya ta wajen hagunki a wurin wanka, don ko maigidanki bai ƙara ganin wurin ba. Na tsaya, Yaya. Ba wadda ta gani.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya tashe ki cikakkiya. Ga maigidanta, da 'ya'yanta, da ɗalibanta, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Wancan haƙurin da aka yi ta ba ta kuwa, Allah Ya sa kada a ƙara bai wa wata.