Wandon Ango a Shagon Ustad Ditta

Shekara arba'in Ustad Ditta yana ɗinki a unguwarmu da ke birnin Multan, amma da wando ɗaya ake tuna shi. Ana gasar duniya ta wasan ƙwallon kurket, ƙasashe huɗu kaɗai ke wucewa zagaye na gaba, ƙasarmu tana ta shida. Sai ya ɗauki alli ya lissafa yadda za mu wuce a jikin yadin ango Shafqat, dab da awonsa. Wajen yanka ya bi lambar maki maimakon ta awo. Wandon ya tsaya a gwiwa, Shafqat ya yi biki da na aro.

Har yau mai shayin unguwa kan ce, "Ustad, ina labarin wando?"

"Lissafina daidai ne, ɗan'uwa. Da ruwan sama ya hana wasa biyu an raba maki, kuma Shafqat gajere ne, da duk mun wuce."