Ranar da Futata Ta Kwance a Talabijin

Tsufa ya shafe mini abubuwa da yawa, amma ranar da 'yan talabijin suka zo tashar jiragen ruwa ta Jidda tana nan daram, ba za ta bar raina ba sai ranar da aka binne ni.

A lokacin ni ne shugaban 'yan dako a wani sito. Wata tashar talabijin ta zo yin shiri kai tsaye a kan tsofaffin ma'aikata, aka zaɓe ni don na fi kowa daɗewa. Larabcina na kasuwa ne, saboda haka suka zo da tafinta, 'yar maƙwabcina a unguwar Mahjar, haifaffiyar Jidda. Sabon aiki ne ta samu, da ƙyar ma mahaifinta ya yarda.

Na ci ado da sabuwar futa, zanen nan da maza ke ɗaurawa. Kowane ɗan dako ya san sabuwar futa santsi gare ta, sai an wanke take kama ƙugu. Ni kuwa ina so a gan ta da ƙyallinta, ko bel ban sa ba.

Ana cikin hira mai gabatarwa ya ce in nuna yadda ake saɓa buhu. Na sunkuya, na ɗaga, futa ta kwance. Na saki buhun, na yi tangal-tangal, hannuna ya cafki abin da ya fi kusa. Ashe mayafin yarinyar ne, ya biyo ni gaba ɗaya. Kafin a kawar da kyamara kowa ya ga tsoho da gajeren wando, ya ga kitson budurwa.

Washegari a teburin mai shayi na zama sarki, har da laƙabi na Larabci, wai mai futa. "Ga Abu Futa nan. Yalla, ya ammi, baffanmu, a maimaita mana, wasu ba su gani ba." Wannan ya saya mini shayi, wancan ya yi alkawarin kawo mini igiya. Da hira ta koma kan yarinyar, sai fuskoki suka ɗaure. "Mace mai kamun kai ba ta fita ba fil a mayafi." "Me ma ya kai ta cikin maza?" Ina ji, ina kurɓar shayina.

Mahaifinta ya same ni a gida. Ya ce, "Alhaji, mutane sun ɗauke mana ƙafa. Kai babba ne. In ka ce musu kai ka ja mayafin, za su ji, in bar ta ta ci gaba da aikinta."

Na ce, "Ka ƙyale, maganar za ta mutu da kanta."

Yau na san abin da na lissafa. Muddin kanta ake tattaunawa, tawa wasa ce. In na buɗe baki, na zama tsohon da ya fizge mayafin 'yar mutane.

Halas, shi ke nan, mahaifinta ya hana ta aikin. Bayan nan muka haɗu a ƙofar gida, ta gaishe ni yadda ta saba. Na ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, ƙaddara ce."

Ta ce, "Na yi, Baba. Amma ni da kai, jikin wa aka fi gani?"

Ta jira kaɗan, ta shige.

Abin da na koya shi ne, idan abu ɗaya ya sami mutum biyu aka yi wa ɗaya dariya aka kori ɗaya, wanda aka yi wa dariyar shi ya kamata ya fara magana. Ni kam sai yanzu na yi, bayan ba ta da sauran amfani a gare ta.