Dattijo Mai Guntun Yatsa

Wata budurwa tana zaune a ƙofar masana'anta, takardar gama kwaleji a cinyarta. Jiya wajen gwajin ɗaukar aiki ta mance makullin ɗaure ƙarfe a bakin injin sassaƙa ƙarfe, makullin ya yi tsalle ya fasa taga. Yau za a sake gwada ta.

Gefenta wani dattijo ne, hannun riga a naɗe, yatsa ɗaya guntu. Ido a lumshe yake shafa ƙarfen benci da farce, kamar mai sauraron waƙa daga nesa. Wataƙila a gaban inji ya tsufa.

"Baba, kai ba ka tsoron inji?"

Ya ɗaga guntun yatsan yana murmushi. "Kullum, 'yata. Ranar da na daina ya karɓi wannan."

Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙe.