Tsuneo Ya Koma Gidan Kokawa

Tsuneo Kurihara yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinsa, wani masunci daga arewacin ƙasarsu, ya kai shi gidan 'yan kokawar sumo a Tokyo. Jiki kam akwai shi, sa'a ce ba ta biyo shi ba. Ya kusa shekara ashirin a ƙaramin sahu, cikin waɗanda ake gama wasansu tun da hantsi, kafin 'yan kallo su taru. Daga baya aka bar masa tukunyar gidan, yana dafa miyar kaza da kabeji. Da gwiwa ta ƙi, aka yanke masa tukku, alamar ya bar kokawa, ya koma garinsu. Bai yi aure ba. Ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi, yana ɗaukarsu daga gado zuwa wurin wanka.

Bayan shekaru ya hau jirgin ƙasa ya je ganin gidan. Tsohon maigidan ya rasu, wani ya gaje shi. Matar sabon ce ta tarbe shi, ta zaunar da shi cikin Turawa masu yawon buɗe ido.

"Baba, ba a magana lokacin atisaye, ba a kuma miƙe ƙafa wajen filin kokawa," in ji ta cikin ladabi.

"To, na ji," ya ce.

Gwiwarsa na zugi, amma bai miƙe ta ba. Ya bi fuskokin 'yan kokawar da kallo, babu wadda ya sani.

Da aka tashi, sai ga Genzo, tsohon mai gyaran gashin 'yan kokawa, ya tsaya a bayansa.

"Wannan ƙeyar na san ta. Kai, sarkin cika gishiri! Ina ka kai rabin jikinka?"

"Tsofaffi sun cinye. Kai ina haƙoranka?"

"Cizon zaren ɗaurin tukku ya tafi da su."

Genzo ya ja shi cin abinci. Da yake baƙo ne, shi aka fara zuba wa, samari na tsaye suna jiran ya ƙoshi. Bai taɓa shan miyar gidan nan da nama a cikinta ba sai ranar, don 'yan ƙaramin sahu ragowar manya suke ci. Ya tambayi labarin abokan zamaninsa: wannan ya mutu, wancan babu labarinsa. Genzo ma bana zai ajiye aiki.

Suna cikin hira aka kira Genzo, wani kai na jiransa. Tsuneo ya rusuna ya yi godiya, ya sa takalminsa ya fita. Sauran wunin a bakin kogi ya yi shi, zaune a kan benci, har lokacin jirginsa ya yi.