Malamar da Ta Gaida Keken Ɗinki

Kowace safiya, kafin masu shara su gama da baranda, Malama Mukoma ta riga ta iso cibiyar bincike ta jami'armu. Takan ajiye jaka, ta tura takalmin ofis ƙarƙashin tebur, ta zura wani shimfiɗaɗɗen takalmi da ya sha ɗinki har ya gaji. Da ka ga ta sauya takalmi, ka san ba a kujera za ta yini ba. Teburina ya daɗe yana fuskantar nata, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ni Yaya nake ce mata. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Mukoma, saboda duk sakamakon da aka kawo mata, kome kyansa, sai ta ce, "To, mu koma mu gani."

Aikinmu binciken kasuwanci da sana'o'i ne: wane tallafi ke tsayar da ƙaramin ɗan kasuwa da ƙafarsa, wane horo ke kai mutum ga abin yi. Yawancinmu mun fi son yin wannan bincike a ƙarƙashin fanka, ga kwamfuta ga kofin shayi. Ba da kowa nake ba, kujerata ma ta lotsa. Yaya kuwa sai ta je ta zauna a bencin mai walda, ta sha ƙarar injin, ta dawo da maiƙo a gefen mayafi, sannan take yarda ta rubuta layi ɗaya.

A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ba zan bari ta sulale shiru kamar yadda take so ba.

Shekarun baya wata masana'anta ta rufe, ma'aikatanta suka wayi gari babu aiki. Wata gidauniya ta ɗauki nauyi, cibiyarmu ta horar da su ɗinki, aka ba kowa keke sabo fil. Aka yaye su, aka ɗauki hotuna, mafi kyau a ciki ya hau bangon ofishin Darakta. Daga baya gidauniyar ta ce za ta faɗaɗa shirin zuwa wasu garuruwa ta hannunmu, amma a fara kawo mata rahoton yadda 'yan farko suka kasance. Aikin ya faɗo kan Yaya.

"Ba sai kin wahala ba, Malama," in ji Darakta. "A buga musu waya kawai."

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ai a waya kowa tela ne."

Na bi ta ranar farko da ta fita zagayen gidajensu. A gidan da muka fara shiga muka tarar da keke a tsakar ɗaki, an goge shi yana ƙyalli, mai shi na ta yabon shirin. A gida na biyu ma haka. Da muka shiga na uku, gidan wani da ake kira Dogo, ga keke nan, ga Dogo zaune a bayansa yana haki kamar wanda ya yi tsere. Yaya ta dubi keken, ta dubi wani koren ƙyalle da aka ɗaure murfinsa da shi. Sai ta ɗan rusuna.

"Sannu, mutumina," ta ce wa keken. "Yau sau uku ke nan muna haɗuwa, kuma kullum kai kake riga ni isowa. Wa ke goyo ka?"

Matar gidan ce ta fara fashewa da dariya daga bayan labule. Dogo ya rufe fuska da hannu, shi ma ya bi ta.

"Malama, asirinmu ya tonu," ya ce. "Ta ƙofar baya muke zagayawa da shi. Nawa na sayar tun bara."

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ko ɗaure fuska ba. Ta ja tabarma ta zauna, ta ce ya ba ta labari.

"Wa zai ba sabon hannu yadinsa mai tsada ya koya a kai? Na kafa keke a ƙofar gida, in ban da wandon yara da ya yage babu mai kawo mini kome. Ga haya, ga bakuna. Da muka ji za ku zo, muka ce in muka faɗi gaskiya za a hana na bayanmu. Shi ne muka aro wannan."

"A wurin wa?"

"Wani ɗan ajinmu. Shi ya dace, kawunsa babban tela ne, a shagonsa yake zama."

Wannan maganar ta ƙarshe ita Yaya ta riƙe. Ta shafe watanni tana bin mutanen nan lungu lungu, har waɗanda suka bar gari. Abin da ta samo bai da daɗin ji: mafi yawansu sun bar ɗinki. 'Yan kaɗan da suka tsaya kuwa, kusan duk waɗanda suka samu gefen benci ne a shagon wani tsohon hannu, inda masu kawo ɗinki suka saba da fuskarsu. Mun koya wa mutane sana'a, mun manta ba mu haɗa su da masu saye ba.

Nan fa ake yin ta. Rabin albashin cibiyar daga gidauniyar nan yake fitowa. Ƙarin girman Yaya zuwa farfesa yana jiran amincewar Darakta. Ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne akantan shirin, kuma aikinsa na kwantiragi ne. Darakta ya kira ta ya ce a tausasa harshe. Ƙanen ya same ta a ofis, ina zaune.

"Yaya, ki rufa mana asiri. Wa ya ce ki yi ƙarya? Ki ce an samu nasara, akwai 'yan ƙalubale, shi ke nan. Kin san matata ta kusa haihuwa."

Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta dube shi.

"Auta, in na rubuta haka, gobe za a kai wa wasu kekuna su ma su sayar, su zauna suna ganin laifin kansu. Na shiga ɗakunan mutanen nan, na sha ruwansu. Ba zan iya ba."

Ranar taro ta tsaya gaban wakilan gidauniya ta faɗi abin da ta gani, babu ƙari babu ragi, ta kuma faɗi abin da take ganin zai gyara. Gidauniya ta dakatar da kome. Aka sallami 'yan kwantiragi, har da Auta. Maganar farfesa ta bi ruwa. Mutanen da suka sha shayinta suka koma gaishe ta da ka, wasu ko hakan babu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mahaifiyarsu ta kira ta ta ce, "Ke da ɗan'uwanki?" Yaya ta riƙa sayen abincin gidan Auta tana aikawa ta hannun matarsa, don shi ba ya ɗaga wayarta. Duk da haka kowace safiya tana nan a teburinta.

Sai ga gidauniya ta dawo. Shugabarta ta ce a duk wuraren da suke ba da tallafi, nan ne kaɗai aka taɓa gaya musu abin da ba su so ji ba, don haka nan za su zuba ƙarfinsu, da sharaɗin Malama ce za ta tsara sabon shirin. Ranar na yi guɗa a baranda, ni da ban iya guɗa ba.

Tsarin nata ba shi da ado. Kowane mai koyo a haɗa shi da babban tela, ya zauna a shago, a san shi, keke ya biyo baya. Da lokaci ya yi ta sake bin su, aka tarar mafi yawansu suna kan sana'a, wasu har sun buɗe nasu shagon. Aka ɗauki tsarin aka kai walda, aka kai gyaran firji, aka kai wasu garuruwa. Cibiyar ta ninka ma'aikatanta. Auta ya dawo aiki, ya zo ya durƙusa gaban teburinta, ta ce ya tashi kada ya ɓata wando. Dogo ya sake shiga shirin, yanzu shi ke karɓar masu koyo. Rahoton kuwa da sunan cibiya yake yawo, Darakta ya sha jirgi a kansa, kuma kafin a sake duba maganar farfesa shekarun Yaya sun cika.

Yaya, ke ce wadda aka ba zaɓi tsakanin kujerarki da gaskiyar mutanen da ba su da wanda zai faɗa musu, kika zaɓe su. Ke ce kika nuna mana cewa sakamako mara daɗi ma sakamako ne, wani lokaci ya fi mai daɗin amfani. Mai ƙafar zuwa, mai kunnen saurare. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma matasan da ke shigowa wannan aiki, wata rana za a tura muku takarda a ce ku tausasa harshe, kuma wanda zai roƙe ku zai iya zama naku na jini. Ranar ku tuna an yi wata a wannan ofis da ta ce a'a tana hawaye, ta rasa muƙamin da ta yi wa hidima duk rayuwarta, kuma yau gidaje da yawa suna ɗora tukunya saboda wannan a'ar.