Yadda Muka Ɗauko Waƙar Mutum Huɗu Daga Birni

Ranar Talata a farkon damina, kafin asuba, muka bar Zakirai: ni, da kawuna Baba Ɗanladi makaɗin noma, da jakinsa ɗauke da tulun zuma. Sarkin Noman garinmu ya ce waƙoƙin Baba sun tsufa, idan bai kawo sabuwa ba a gayyar bana, wani makaɗi mai suna Tanko zai karɓi gangar. Baba kuwa ya ji labarin wani Balarabe a birni mai ajiye waƙa a cikin takarda.

Ungogo

Mun isa bayan la'asar, muka sauka gidan wani manomi, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya ce, "Baba, waƙa a takarda? To idan gara ta ci, ita za ta rera?"

"Ci tuwonka," in ji Baba.

Birni

Laraba da hantsi muka shiga. Mai tsaron ƙofa ya leƙa mangalar jaki, ya tambayi abin da muka zo saye. Baba ya ce waƙa. Mutumin ya daɗe yana dubansa, sannan ya matsa.

Balaraben ya fito da ƙananan littattafai huɗu da suka zo daga Tarabulus cikin kayan allura. Ba rubutun hannu ba ne, bugawa aka yi. Ya ce tsofaffin waƙoƙin ibadar Nasara ne, kowane mawaƙi da littafinsa, su huɗu suna rerawa lokaci guda, wani sama, wani ƙasa.

"Wa ke amshi?" in ji Baba.

"Babu amshi."

Baba ya buɗe ɗaya. Layuka biyar-biyar ne a jere, da ɗigo-ɗigo masu sanda a kansu. Ya buga cinya.

"Ɗana, dubi! Kunya biyar, ga manoma da garemaninsu. Wannan da ya haura sama shi ne gwani. Wannan na ƙasa rago ne. Ashe Nasara ma suna gayya!"

Balaraben ya buɗe baki zai yi magana, ya ga tulun zumar da Baba ya tura gabansa, sai ya rufe, ya miƙa masa littattafan.

Hanyar gida

Alhamis muka juyo. Tun da babu mai iya karanta ɗigon, Baba ya yanke cewa sirrin shi ne a rera waƙa huɗu tare. Ya gwada da ni a ƙarƙashin wata ɗorawa, shi yana ta noma, ni ina ta daka. Jakin ya shigo da kukansa a matsayin na uku. Wasu mata masu tallar nono suka canza hanya.

Zakirai

Mun iso Jumma'a da yamma, Asabar aka yi gayya a gandun Sarkin Noma. Baba ya tsayar da 'yan amshinsa uku a kusurwa uku, shi a ta huɗu, kowa riƙe da littafi, biyu daga ciki a juye. Ya ɗaga gular gangarsa, kowa ya kama waƙarsa.

Manoma suka rasa wanda za su bi. Na gabas suna gudu, na yamma suna tafiyar hawainiya, kunyoyi suka yi karo a tsakiyar gona. Wani dattijo ya ɗago ya ce, "Ɗanladi, don girman iyayenka, yaushe za ta ƙare?"

"Sai an gama huɗa!"

Da jin haka kowa ya duƙa. Ba wanda ya tsaya shan fura. Gandun da ake kaiwa magariba a kansa, kafin azahar an tashi.

Sarkin Noma ya zagaya gonar, ya dubi karkatattun kunyoyi, ya dubi rana. Ya ce, "Ban taɓa jin waƙa mara daɗi irin wannan ba. Ka riƙe gangarka."

Muna godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da mai masaukinmu na Ungogo. Tanko ya koma kiɗan biki. A daminar nan garuruwa uku suka aiko a kai musu waƙar.