Robar Sabulu da Mastas ɗin Manaja

Manaja Habibu ya ci amanata, kuma a gaban jama'a ya ci ta. Ko me zan manta a aikin nan, ban da Litinin ɗin da ya miƙe a ofishin Alhaji mai kamfani, ya ɗauki maganar da na ba shi da bakina ya ce bincikensa ne, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da makullin mota. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna jin ana ce mini mataimakin sufabaiza kuna ƙunshe dariya, to ga yadda aka yi.

Kamfaninmu dai kun san shi, ƙarami ne, a nan Wudil, sabulun wanki na gari muke ɗurawa. Tsarin kuwa haka yake: Alhaji a sama, sai manajan talla, sai sufabaiza mai duba masu fita da kaya, sai mu masu fitar. A lokacin shekarata goma sha tara ina fita. Ni ne direba, ni ne mai talla, ni ne mai sauke katan. Darki, Indabo, Achika, babu lungun da tayata ba ta taka ba. Amma a aji uku na sakandare na tsaya, saboda haka duk sanda kujerar sufabaiza ta zama babu kowa sai a ce, "Ilu ya san aiki, sai dai takarda." Sau uku ana yi mini haka. A shekarar da nake ba ku labari kujerar ta sake zama fili, na kuma sa rai sosai, har na faɗa wa mai ɗakina.

Habibu yaro ne mai tsafta, takalminsa bai san ƙura ba. Yana karatun digiri na biyu, mastas, a fannin tallata kaya a wata jami'a cikin birni, Asabar da Lahadi. Wata Laraba bayan la'asar na dawo daga Achika sai ya kira ni ofishinsa, har da tura mini kujera.

"Baba Ilu, ka san kes sitadi?"

Na ce, "Ban san shi ba, Manaja. Ɗan wace unguwa ne?"

Ya yi dariya ya yi mini bayani. Wai malami ne zai ba su labarin wani kamfani da ya shiga matsala, shafi uku ko huɗu, a ƙasa a jero tambayoyi. Babu amsa guda da za a ce ita ce daidai, hujjarka ce ke ba ka maki. Ya nuna mini ƙa'idar da malamin ya sa suka rubuta: ka karanta labarin sau biyu kafin ka taɓa biro. Ka raba alamar ciwo da ciwon kansa. Ka yi ta tambayar "don me" har ka kai ƙasa. Ka kawo mafita uku, ka zaɓi ɗaya, ka faɗi dalili.

Na ce, "To ai wannan shi muke yi kullum a gindin mota, ba mu dai san yana da suna ba."

A wannan karon malamin ya ce kowa ya kawo matsalar wurin aikinsa ya warware ta a gaban aji. Mu kuwa muna da ita, babba ma. Watanni kafin nan Alhaji ya daina zuba sabulu a roba mai murfi ya koma leda, saboda ta fi araha, har aka rage farashi. A cikin gari ciniki bai taɓu ba. A ƙauyuka kuwa ya zube ƙasa warwas. Sai in fita da mota cike in dawo da ita kusan cike.

Habibu ya riga ya rubuta shafi bakwai, ya karanta mini duka. Akwai wasu abubuwa huɗu da ya ce kowane ɗalibinsu ya haddace, kaya da farashi da wuri da talla, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce talauci ne. Ya ce abokan gasa ne. Ya ce a yi talla a rediyo, a raba huluna masu sunan kamfani. Har na fara gyangyaɗi.

Na ce, "Manaja, matan da ke sayen sabulun nan ka taɓa ganin ɗaya da hula?"

Sai na ba shi labarin Iya Tabawa. Dillaliya ce a Indabo, tsohuwa mai baki, ita ke shiga gida-gida da kayanmu wurin matan da ba sa fita kasuwa. Ranar da na fara kai mata leda ta juya ta gaba da baya ta miƙo mini abata. Ta ce, "Ɗan nan, ina robar?" Na ce an daina. Ta ce, "To ni ma na daina."

Na ce da Habibu, "Sabulu ko'ina akwai shi. Robar suke saya."

Ya daki tebur ya miƙe. "Mazubi! Matsalar mazubi ce! Baba Ilu, ka gama mini aiki."

Na ce, "Tsaya, da saura."

"Na gane, na gane," yana ta rubutu bai ko ɗago ba. "Wallahi in maganar nan ta je kunnen Alhaji, da sunanka za ta je. Kujerar nan taka ce."

Ranar Asabar ya gabatar a aji, ya dawo yana washe baki, wai shi ya fi kowa maki, har tafi aka yi masa. Na taya shi murna tsakani da Allah. Ranar Litinin aka yi taron wata a ofishin Alhaji, inda kowane sashe ke faɗin abin da ya gani. Habibu ya karanta takardarsa tiryan-tiryan. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Wa ya gano wannan?"

"Bincike na yi, ranka ya daɗe, irin na makaranta. Na zaga ƙauyukan da kaina."

Mutumin da in ka sauke shi a Indabo sai ya tambayi hanyar gida! Na jira ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Kafin sati ya zagayo aka ba wa ɗan wan matar Alhaji kujerar sufabaiza, shi yana da difloma.

Alhaji ya ce a dawo da roba, ya damƙa wa Habibu aikin. Shi kuwa ya ce tsohuwar ta tsufa, zamani ya wuce ta. Ya zauna da masu yin roba suka fito da sabuwa, ja, mai ƙugu kamar kwalbar turare, ya kuma ɗan ƙara mata girma wai don mai saye ya ji an yi masa gyara. Da na gan ta na san abin da zai faru. Na yi shiru. Allah ya yafe mini, amma shirun nan ya yi mini daɗi.

Na kai wa Iya Tabawa. Ta jawo buhun gyaɗa da kwanon awo. Ta cika robar ta juye a kwanon, ta cika ta juye, kafin ta gama juye ta huɗu gyaɗa na zuba a tabarma. Ta dube ni ta ce, "Ilu, wane mara aikin yi ne ya ƙera wannan? In na auna da ita ai kafin sallah na karye."

Sauran maganar da Habibu ya hana ni ƙarasawa ke nan. Tsohuwar robarmu, ko wanda ya yi ta bai sani ba, huɗu cif take cika kwano. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu gyaɗa, masu wake, masu shinkafa, da ita suke auna rubu'in kwano, kowa ya yarda da ita, babu gardama. Ba kyanta suke so ba.

Sito ya cika da jar roba har rufi. Habibu ya rame. Ya same ni ina duba man mota ya ce, "Baba Ilu, me ke faruwa ne?" Na ce, "Mu je wurin Alhaji, sau ɗaya zan faɗa."

Na shiga da kwano da gyaɗa da robobin biyu, na yi abin da Iya Tabawa ta yi, a kan teburin Alhaji. Gyaɗa ta gangara har ƙarƙashin kujerarsa. Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, ya ce shi da mahaifiyarsa ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli bai kamata wannan ya wuce shi ba. Sannan ya dubi Habibu ya ce, "Kai da ka zaga ƙauyuka, ba ka ga kwano ba?" Habibu ya sunkuya yana tsince gyaɗa.

Aka dawo da tsohuwar roba, ciniki ya tashi. Amma ba a tsige ɗan gida daga kujera, sai Alhaji ya ƙirƙiro mini muƙamin da babu shi a tsarin kamfani, mataimakin sufabaiza. An ɗan ƙara mini wani abu, kuma har gobe ni ke tuƙa motar. Ku yi dariyarku, ni ma ina yi.

Kada ku ce na raina karatu. Ƙa'idar malamin nan gaskiya ce, ni kaina da ita nake aiki yanzu. Abin da na gani shi ne, a sana'ar nan amsar farko tana da daɗi, shi ya sa mutane ke tsayawa a kanta. Kuma wanda ya san ta biyu da ta uku galibi yana waje yana sauke katan.

Bayan sati biyu sai ga Habibu da wata takardar a hannu, yana murmushi kamar ba a yi komai ba. "Baba Ilu, komai ya wuce ko? An ba mu wani kes ɗin, wannan na masu takin zamani ne, ka san manoma..."

Na ajiye tsumman da nake goge gilashi na ce, "Habibu, yau da sunanka zan kira ka, don na girme ka nesa ba kusa ba. Makin da ka ci ban yi baƙin cikinsa ba, ka ci lafiya. Amma na tsaya a bakin ƙofar nan kamar mai gadi, Alhaji ya tambaye ka wa ya gano, Ilu kawai za ka ce, ya gagari bakinka. Na koma gida mai ɗakina ta tare ni tana tambayar ina kujerar. Daga yau ba na amsa tambaya a ofis. In manoma kake son sani, gobe kasuwar Darki, ƙarfe bakwai mota ke tashi. Gaba akwai kaya, sai dai ka hau baya."